Kalmar “gado” da na faɗa a zaman makoki

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni, don zagi kam na sha shi a gida har ya ishe ni.

Ni ɗan Barmou ne, ina zaune Tawa ina koyar da kimiyya a wata lakkol, wato makaranta. Na yi digiri na biyu a ƙasar waje, kuma aikin da na yi a labo, ɗakin bincike, kan ɓeraye ne, wato kusu kamar yadda muke cewa a nan. Ana ɗauko su lafiyarsu ƙalau, a haɗa musu abinci da wani sinadari da ke lalata ƙoda sannu a hankali, sannan mu duba ƙwayoyin halitta na cikin ƙodar, mu ga waɗanne suka farka suna aiki fiye da ƙima, kamar masu jawo kumburi da tabo, waɗanne kuma suka yi shiru. Ku lura, ɓerayen nan ba a haife su da ciwo ba, mu muka sa musu shi da hannunmu.

Kwanakin baya ƙanen mahaifina ya rasu da ciwon ƙoda, Allah ya jiƙan shi. A zaman makoki wani dattijo ya tambaye ni me na karanto a waje, na rasa yadda zan ce ƙwayar halitta ya gane, sai na ce muna binciken ƙwayoyin gado a ciwon ƙoda. Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ashe a cikin masu gaisuwa akwai mutanen Tebaram, dangin yaron da zai auri ɗiyar marigayin, zan kira ta Rabi ko da yake ba sunanta ba ne. Kafin a yi sadakar bakwai magana ta kai can cewa ɗan gidan da kansa, wanda ya yi karatun, ya ce ciwon ƙoda gadonsu ne. Yanzu sun aiko a ɗaga biki, ba su faɗi zuwa yaushe ba, kowa kuwa ya san me hakan ke nufi. Rabi da yaron suna son juna tun suna koleji, babu wanda ya tilasta wani.

Tun daga ranar ban huta ba. Gwaggo ta kira ni a waya, ko sallama babu, ta ce, “Likitan kusu, ka gama da su ka dawo kanmu?” Ta ce ubana ya sayar da bisashe ya tura ni karatu, na dawo na sa wa gida tambari. Yayana ya zo har ƙofar lakkol bisa kabu-kabu, gaban ɗalibaina, yana cewa dama ni tun ina yaro ban iya cewa e ko a'a ba, ranar da na buɗe baki kuma sai na kashe aure. Na yi ƙoƙarin yi masa bayani cewa a ce aikin ƙwayar halitta ya canza daban ne da a ce an gaji ciwo, ya ce in riƙe Faransancina. Da Hausa fa nake magana. Matar marigayin kuwa ko gaisuwata ba ta amsawa. Ni ma gaskiya ina jin haushinsu, don duk cikinsu babu wanda ya taɓa tambayata me nake yi shekarun nan, sai yau kowa ya zama masanin abin da na ce. Wanda ya kwashi maganar ya kai Tebaram kuwa, Allah ya isa tsakanina da shi.

Abin da dangina suka yanke shi ne, ranar Juma'a in bi yayana mu je Tebaram, in tsaya gaban baffan yaron in rantse cewa ciwon nan ba na gado ba ne, babu shi a jininmu. A nan na tsaya cak. Zan iya rantsewa cewa aikina bai shafi gado ba, kuma ban taɓa cewa akwai ciwo a gidanmu ba. Amma cewa babu shi, wannan ban sani ba. Marigayin yana da hawan jini, kuma ya daɗe yana shan ƙwayoyin ciwon jiki na masu talla, wannan kaɗai zai iya kashe ƙoda, watakila ma shi ne. Sai dai lokacin da aka yi masa eko, wato hoton ciki, a Tawa ina wurin, likitan ya ce ya ga ƙullutai masu ruwa a ƙodar. Akwai irin waɗanda ke zuwa da shekaru kawai, ba su da wata illa, akwai kuma irin da ake gada, ban san wanne ba ne, ni ba likita ba ne, kuma ba a bi diddigi ba har ya rasu. Kakarmu ma da kumburin jiki ta rasu, ba wanda ya auna ta. Wannan ba hujja ba ce, na sani, amma ta hana ni ɗaga hannu in rantse. Da na gaya wa yayana haka sai ya ce to in na ƙi zuwa kada in sake taka gidan Barmou.

Jiya Rabi ta kira ni da kanta. Na ɗauka zagi ne ita ma, sai na ji muryarta a sanyaye. Ba ta ce in je ba, ba ta ce kada in je ba. Cewa ta yi, “Yaya, bar su da rantsuwarsu, ni ka gaya mini, abin da ya kashe Baba yana jikina?” Na ce mata likita zai iya dubawa da eko, ko da yake a shekarunta ba lallai hoton ya yanke magana ba. Ta ce in an gan ta a layin masu ƙoda a Tawa ai an gama da auren tun kafin sakamako ya fito. 

To jama'a, yaya zan yi? In je in rantse kan abin da ban sani ba don auren ya tabbata, in wani abu ya fito gaba in ɗauki alhakin mutane biyu da 'ya'yansu? Ko in je in faɗi iyakar abin da na sani, alhali “watakila” a kunnen mutanen Tebaram daidai take da “e”? Akwai tunani na uku da ban gaya wa kowa ba, in fara zuwa ni a yi mini ekon kafin Juma'a, in shiga layin kowa ya gan ni, don Rabi ta samu bin bayana ba a nuna ta ita kaɗai ba. Na san sakamakona ba zai wanke ta ba, kuma ba zai kama ta ba. Amma kakar nan tamu ce mu biyu, in gado ne ni ma zai iya kasancewa a jikina. Na yanka ƙodar ɓeraye ba adadi, tawa ce dai har yau na kasa zuwa a duba.