Kuzar Bukuru da Hasken Leza

Laraba da dare, Jos

Yau kwamitin sashenmu ya dawo mini da takardar bincikena: ko in canza batu kafin Litinin, ko a dakatar da digirin. Oga, shugaban kwamitin, ya ce, "Malam Sani, na'urar lezar tana ina? Mu da wuta ba ta yin awa biyu?" Aka kwashe da dariya. Gaskiyarsa, ba mu da ita, ban musa ba.

Amma ai ban roƙi na'ura ba. Abokan aiki a ƙasar waje suka haska ƙwayar zarrar kuza da leza, suka turo mini sakamakon. Nawa shi ne in auna ɗan gocewar layin hasken, in fitar da girman cibiyar ƙwayar. Kwamfuta da biro sun ishe ni.

Kuza fa! Kullum bas na wucewa da ni ta bakin ramukanta a Bukuru. A haƙe ta a kwashe, sannan a ce sanin cikinta ya fi ƙarfinmu?

Shekara shida rabona da zaman gida Gumel, yarana a waya suka girma. Ban baro su don in zo in canza batu ba. Litinin zan mayar da takardar yadda take, ko waƙafi ba zan taɓa ba.