Shahon Jan Dutse

Zuwa ga Yayana Tileubek,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali, a can Kazakistan. Mu ma da sauƙi. Inna tana fama da gwiwa, amma har yanzu ba ta yarda wani ya haɗa mata shayi, wai mu ba mu san yawan gishirin da ake sa masa ba. Maigidana Sagindik yana gaishe ka.

Yaya, maganar ɗanka Daulet ce, na gaji da haɗiye ta. Bara waccan, lokacin kaka, ya zo mana a mota da baƙi, ya ce kai ka turo shi. Muka yanka tunkiya, Inna ta riƙa tura masa kitse da hannunta. Ya ce mutanen nan hoton tsuntsaye kawai suke ɗauka. Sagindik ya hau doki ya kai su Jan Dutse, inda shaho ke sheƙa tun zamanin Baba, wurin da ko tsakuwa aka hana mu jefawa muna yara. Ashe tantabaru ne cike da bayan motar, kowace an ɗaura mata zarge a baya don kama shaho. Da idona na ga shahunan a naɗe cikin tsumma, an rufe musu kai. Na yi wa Daulet magana, ya yi dariya, ya ce Gwaggo ta cika tsoro, tsuntsu ai ba ya ƙarewa a sama.

To, ya ƙare. Da ƙanƙara ta narke, sheƙa ko ɗaya ba ta da mai ita. Ɓerayen daji suka samu sake, suka cinye 'yar ciyawar kwarin har saiwa, alhali ka san ruwan samanmu ba ya jiƙa ko hula. Ƙasa ta zama rami a kan rami, har goɗiyar Sagindik ta zurma ta karye, dole aka yanka ta. Sai wasu suka zo daga gari suka watsa hatsi mai guba, wai maganin ɓera. Gauraki da ɗinya da ke sauka bakin tafki suka riga ɓerayen ci. Kwana da kwanaki muna kwasar gawarsu muna binnewa don kada karnuka da mikiya su taɓa. Tumakinmu da ƙashi suka shiga sanyi, waɗanda suka fita ba su kai rabi ba.

Yanzu in Sagindik ya je rijiya sai maƙwabta su tambaye shi ko dillali ya samo wa dutsen kansa mai saye. Wanda ya ci ya share baki ya tafi, mai nuna hanya aka bari da kunya.

Ba na tambayarka ko da saninka aka yi, don ina tsoron amsar. Na dai ji saƙonka cewa za ka kawo jikoki da bazara su ga tsuntsayen da muka tashi muna gani. Ku zo, tanti a buɗe yake. Hankaki dai akwai, su ba wanda ya taya.

Ka gaida matarka Zauresh, da Kawu Saulet, da yara. Daulet kuma ka ce masa Inna tana tambayar ko ya isa gida lafiya.

Ƙanwarka,
Kulzira