Allurar Inna

Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya ƙafar Baba, ta saki kuwa?

Yau makona biyar a kamfanin ɗinkin nan. Malamina ya turo ni in lura da yadda ma'aikata ke zama da juna, in rubuta. To, da na shigo da littafina sai hira ta mutu, sai ƙarar kekuna. Sun ɗauka manaja ne ya ajiye ni in kai masa gulma. Lokacin cin abinci suna kan bencinsu, ni ina kujera a bakin ƙofa. Ni da kike cewa bakina ba ya hutu, sai in wuni ban ce uffan ba. Kewarku ta dame ni.

Amma na ga abin da ya burge ni. A layi na uku akwai wata dattijuwa, Inna suke ce mata, idonta ya yi rauni. Ta kusa da ita ke zura mata zare a allura, sauran su tura mata miƙaƙƙen ɗinki, su kwashe mai wuya. Ba wanda ya tsara musu. Shekaranjiya Inna ta matsa mini a benci, wallahi kamar in yi kuka.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Ina gaishe ki, ya gida? Wasiƙarki ta iso, na gode da addu'a.

Na yi ɓarna. Ƙa'ida ce manaja ya duba rahotona kafin in kai makaranta. Na ɓoye suna yadda aka koya mana, na ce "wata mai raunin gani a layi na uku", ina yabon haɗin kansu. Su takwas ne a layin, Yaya, mai furfura ɗaya ce. Washegari aka kira Inna ofis, aka gwada idonta, aka sallame ta.

Na roƙi manaja har muryata ta dishe, godiya ma ya yi mini. Malamina kuwa cewa ya yi babin da na rubuta a kanta ya fi kowanne kyau.

'Yan layin sun gane. Ba wadda ta zage ni, da ma sun zage ni na huta. Inna kaɗai ba a gaya wa ba. Da za ta tafi da ledar kayanta, ta lalubo hannuna ta sa mini albarka, ta ce in ban gama littafin ba, in daure in sa ta ko a ƙarshe ne.

Na ce mata to.

Ki gaishe da Baba, amma kada ki karanta masa wannan.

Ƙanwarki,
Auta