Hoton Rajistar Rahamatu

Kazaure, 4 ga Maris, 1974

Zuwa ga 'yata Rahamatu,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, akwai kuskure biyu a wasiƙarki. Na farko, kin rubuta cewa kin zama nas. Ba ki zama ba tukuna. Jarrabawa kika ci, kuma sai hukumar da ke Legas ta sa sunanki a rajista ta ba ki lasisi kafin ki amsa wannan suna.

Na biyu ya fi nauyi. Kin ce hoton da kika aiko naki ne, kin roƙi in sa hannu a bayansa in shaida kamanninki ne, kamar yadda hukumar ta shar'anta. Na duba shi da tabarau, na fita tsakar gida na sake dubawa. Akwai bille a kuncin hagu. Ke ba ki da bille, domin ni na hana wanzami taɓa ki ranar sunanki. A gidan ƙanena Halliru mutum ɗaya ce mai wannan bille, yayarki Shatu, Allah ya jiƙanta.

Ban taɓa sa hannu a kan abin da ban gani ba. Ki sake ɗauka.

Baffanki,
Muhammadu Lawal, tsohon hedimasta

Babura, 10 ga Maris

Baffa, ina gaisuwa da ladabi.

Wallahi dariya na fara yi, na ce Baffa da bin diddigi! Ni na zauna a kujerar, ni aka ɗauka. Sai da na ɗauko kwafin da ya rage a wurina, dariyar ta tsaya.

Na koma wurin Daudu mai hoto ranar kasuwa. Ya ce, "'Yan mata, ni fuska nake ɗauka, ba na yi wa mutane tsaga." Ya shiga cikin baƙin ƙyallen kyamararsa don ya sake ɗauka ta, can ya ce, "Ke ta bayan, ɗan kauce mana." Na waiwaya, Baffa, labule ne kawai. Ya fito yana murza ido, ya ce rana ce.

Ga sabon nan. Ni ma na ga billen. Sista, shugabarmu a asibiti, ta ce duk wadda takardunta ba su tafi ba a ƙarshen wata, sai baɗi, kuma gurbin da aka ajiye mini a nan za a ba wata. Don Allah Baffa ka sa hannun nan. Wa zai lura a Legas?

'Yarka, Rahamatu

Kazaure, 15 ga Maris

Rahamatu,

Ni zan lura. Billen ya fi na farko fitowa, kuma yanzu har idon hagun ya ɗan kankance irin nata.

Na lura da wani abu. Agogon da ke maƙale a ƙirjinki na Shatu ne. Ni na sayo mata shi a Kano da ta ci tata jarrabawar, kafin sanƙarau ya ɗauke ta tana jinyar mutanen Gwiwa. Hular nas da ke kanki ma ina zaton tata ce. Ba na camfi, kin sani. Duk da haka ki cire su, ki je wurin wani mai hoton dabam.

Baffanki

Roni, 21 ga Maris

Baffa,

Na zo gida. Na cire agogon da hular na ba Inna, na je Kano aka ɗauke ni a babban shago, da fitilu. Ga shi nan. Ba sai na ce komai ba.

Inna da ta gani ba ta yi kuka ba. Shafa shi ta yi, ta ce, "Ita ma ai lasisin take jira." Baba ya sa an yi sauka an yi sadaka. Ni dai na daina duba madubi, sai in shafa kuncina da yatsa in ji ko yana nan sumul.

Na fasa roƙonka. In ka ce a bari, a bari.

Rahamatu

Kazaure, 24 ga Maris

'Yata Rahamatu,

Maganar mahaifiyarki ta sa na buɗe akwatin ƙarfena. Shatu ta kawo mini nata hoton na rajista a makon da za ta tafi Gwiwa, ta ce za ta karɓa in ta dawo. Tun daga ranar yana cikin ambulan ɗinsa, bayansa fari, kuma mabuɗin akwatin bai taɓa barin aljihuna ba.

Na fita da shi rana na duba. Babu bille. Fuskarki ce, kamar yadda na gan ki da sallar da ta wuce, har da gurbin ƙurjin da ke haɓarki. Lokacin da aka ɗauke shi kina aji huɗu a firamare.

Ba ni da bayani, ba kuma zan ƙirƙiro ba. Hukuma ta tambaye ni abu ɗaya: shin wannan kamannin Rahamatu Halliru ne? Shi ne. Na sa hannu.

Abin da na haɗo miki da wannan wasiƙa:
Hoton nan da Shatu ta bari, da shaidata a bayansa.
Takardar shaidar halinki.
Kan sarki na aikawa Legas. Ki yi rajistar wasiƙar.

Hotuna ukun da kika aiko na riƙe su. Na sa su a ambulan ɗinta, na kulle.

Ki karɓo agogon daga hannun mahaifiyarki. Ina ganin tare za ku yi aikin.

Wassalam,
Baffanki, Muhammadu Lawal