Saƙon da Ba Shi da Lamba

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Da biro na rubuto maka, don na daina buɗe imel.

Marigayi Baban Auta yana aiko min da saƙon imel. Ka karanta da kyau, hankalina ɗaya. Tun bayan da na fita takaba yake shigowa, wani lokaci ina tsaka da wanki, wani lokaci ina wurin aiki. Magana ɗaya ce kullum: "Na rufe shago, ga ni nan." Kuma kwanan watan ranar da ya shigo ne a kai, ba na ranar da ya yi hatsarin ba. In na goge, wani ya zo.

Shekaranjiya Auta ta ɗauki wayar ta haɗa baƙin da kanta. Ta je ta zauna bakin ƙofa da takalmansa a cinya, ta ƙi cin abinci. "Ai ya ce ga shi nan," in ji ta.

Kai ka haɗa masa na'urorin shagon. Don Allah ka duba.

Ƙanwarka

*

Ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙansa, ya ƙara miki haƙuri. Ki kwantar da hankalinki, na gano bakin zaren.

Abokin aikinsa ya sake buɗe shagon ɗab'in, ya kunna tsohuwar kwamfutar da ke bayan injin yankan takarda. Na shiga cikinta daga nan ta intanet. Duk imel ɗinsa, har wanda ya tura daga wayarsa, ta cikinta yake bi. Saƙon yana layin fita tun ranar hatsarin. Kowane imel yana da lambar shaida da ake gane shi da ita, amma tsohuwar manhajar da na saka masa ba ta sa lamba, ba ta sa kwanan wata. In saƙo ya iso haka tsirara, na'urar da ke karɓar miki wasiƙu sai ta buga masa sabuwar lamba da kwanan ranar. Layin shagon kuma yakan yanke kafin a ce wa kwamfutar an karɓa, sai ta sake turowa. Shi ya sa akwatin imel ɗinki bai taɓa gane cewa tsohon baƙo ne ba.

Na san duk wannan, amma da na ga sunansa a layin, sai da na tashi na bar ofis.

Akwai wani abu. Bayan wannan saƙon akwai na biyu, ya maƙale, na farkon ya tare masa hanya. Ke ya rubuta wa. Ban buɗe ba. In na cire na farko, na biyun zai iso miki sau ɗaya, daga nan shiru. Ko in share duka. Abin da kika ce shi zan yi.

Ki shafa min kan Auta.

Yayanki

*

Yaya,

Na yi kwanaki da takardarka a jaka. Abin kunya, da wayar ta yi shiru kwana biyu, sai na tsinci kaina ina dubawa. Amma jiya Auta ta sake kwasar takalman.

Cire na farkon. Ka bar na biyun ya zo.

Ƙanwarka

*

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya iso da hantsi, ina guga.

Hoto ne. Riguna biyu na yara a rataye a wani kanti, ja da ruwan ɗorawa, ga gefen babban yatsansa ya shigo hoton. A ƙasa ya rubuta: "Wacce za ta fi so? Amsa da sauri, mai kantin na jira."

Ko ya sayo, yanzu ba za ta shige ta ba.

Na amsa masa, Yaya. Na ce ja. Kada ka bayyana min inda amsar za ta je.

Ka gaida gida.

Ƙanwarka