Tsutsotsin Baba Sun Zama Hoto

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kai da Umma kuna cikin ƙoshin lafiya. Yaya idon? Umma ta ce ba ka ɗiga maganin sai ta tsaya a kanka. Haba Baba, kai da ka yi rayuwarka kana ɗiga wa gilashin gwaji ruwa a tsanake, naka idon ne ya gagare ka?

Ka tambaye ni labarin tsohon wurin aikinka. To ga shi, amma ba mai daɗi ba ne. Kamfanin da ya ƙera madubanmu na ganin ƙananan halittu ya buga a mujallarsa cewa ya daina yin kayan gyaran irin namu, har da ƙwan fitilarsu. Wai zamaninsu ya wuce. Madubin da ka zauna gabansa har furfura ta cim maka, wanda bai taɓa ba mu kunya ba! Ba mu gama jin haushin wannan ba sai ga wakilinsu, wani dogo mai zaƙin baki da muka sa wa suna Sarkin Murmushi. Ya kawo mana maganin ciwon da su suka ɗora mana: wata na'ura mai girman firji, a jera mata gilasan da muke dubawa a madubi ta ɗauki hotonsu ta adana a kwamfuta. Daraktanmu ya rasa inda zai sa kansa don murna.

Ba zan yi ƙarya ba, hotunan suna da kyau. Abin da ya tsaya min a rai shi ne yadda mutumin ya tsaya gaban kabad ɗinka na katako, inda gilasan tsutsotsin kifinka suke, yana auna faɗinsa da ido. Wurin ya yi masa daidai da na'urarsa, na gani a fuskarsa.

Ka gaishe min da Umma. Allah ya ƙara lafiya.

'Yarka,
Auta

Babana abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, ina kuma tambayar jikin Umma da ƙafarta. Saƙonka ya iso, na yi dariya da ka ce in bar mutane su ci zamaninsu. Da ka san abin da suka shirya, da ba ka ce haka ba.

An yanke shawara a taro cewa za a ɗauki hoton duk gilasan da ke ɗakin, sannan a zubar da su a samu fili. Har da naka, Baba. Na miƙe na yi musu bayani. Na ce wannan na'ura an saita ta ne don yankan nama na asibiti, siriri kamar fatar albasa, wanda kallo ɗaya ya ishe shi. Kai kuwa tsutsa sukutum kake kwantarwa a gilashi, ka rina ta da ja, ka rufe. Tana da kauri. Sai mutum ya riƙa murza abin nan na gefen madubi a hankali, yana sauka daga bayanta zuwa cikinta, kafin ya iso ƙugiyoyin bakinta da ke can ƙasa. Kuma da ƙugiyoyin ake gane mai kashe kifi da wadda ba ruwanta. Na tuna musu cewa tafkin da ka ɗebo tsutsotsin an cike shi an yi gidaje, babu inda za a koma a sake samo su.

Sarkin Murmushi ya yi murmushin nasa, ya ce ai na'urarsu tana iya ɗaukar hawa-hawa, daga sama har ƙasa, sai dai hakan yana cin lokaci da wurin ajiya a kwamfuta. Ya ce abu ne mai sauƙi, maɓalli ɗaya ne. Darakta ya ce in kwantar da hankalina, ya san darajar aikinka fiye da kowa, shi ma a hannunka ya koyi riƙe gilashi. Ya yi min alkawari a gaban jama'a ba za a taɓa kabad ɗin ba sai na duba hotunan na yarda.

Yanzu kuma kamfanin ya zaɓe ni in je horo a wani gari, in koyo sarrafa na'urar. Kowa yana yi min barka. Ni dai raina bai kwanta ba, amma alkawari aka yi min, kuma babba ne ya yi.

A yi min addu'ar hanya.

Taka,
Auta

Baba,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya kai da Umma. Ka yafe min shirun da na yi, na rasa ta inda zan fara ne. Na so in zo in faɗa maka baki da baki, amma na ji tsoron wani ya riga ni, don labarin ya fito a mujallar kamfanin.

Na dawo daga horo na buɗe ƙofar ɗakin, na ga bango fes an yi masa fenti. Babu kabad. Na'urar ce zaune a wurin tana ƙyalli. An ɗauki hotunan ina can, cikin gaggawa, saboda kamfanin yana son ya sanar cewa mu ne muka fara mayar da tarin gilasai gaba ɗaya zuwa kwamfuta. Ba a taɓa maɓallin nan ba. Hawa ɗaya aka ɗauka, na sama. Gilasan kuma an zuba su a durom ɗin fasassun kwalabe, motar shara ta kwashe tun kafin in iso.

Na shiga ofishin Darakta ban ko yi sallama ba, Allah ya yafe min. Ya kasa haɗa ido da ni. Wai an matsa masa, wai shi da ya duba allon kwamfuta ya ga komai tsaf. Tabbas ya gani! Bayan tsutsa ya fito tsaf, jan rininka yana nan kamar jiya ka yi shi. Wanda ya koya a hannunka bai tsaya ya nemi ƙugiya ko ɗaya ba. Wakilin kuwa ya aiko min da kwafin mujallar. Ga hotona a ciki daga wurin horo, ina dariya, an rubuta a ƙasa cewa 'yar mai tarin ta yi maraba da sabon zamani. Baba, ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba. Da fuskata suka rufe abin da suka yi maka.

Shekaranjiya wata mai kiwon kifi ta zo, kifayenta suna mutuwa. Na ciro tsutsa daga jikin ɗaya na duba ta a tsohon madubina, na ga ƙugiyoyinta sarai. Saura in gwada da naka in san ko wace ce. Na buɗo hoton tsutsarka a allo, ga rubutun hannunka a gefen gilashin. Ban san lokacin da hannuna ya kai gefen allon yana neman abin murzawa ba. Na daɗe a haka, matar tana kallona. Daga baya na ce mata ban sani ba.

Zan zo ƙarshen mako da tsutsar a kwalba, da tsohon madubina. Na san idon ba zai iya ba, ni zan duba in faɗa maka abin da na gani, kai kuma ka faɗa min sunanta. Yanzu babu inda saninsu ya rage sai a cikin kanka. Matar tana jira.

Ka gaishe da Umma. Allah ya ba mu haƙuri, ni dai ban samu nawa ba tukuna.

'Yarka,
Auta