Tsohuwar Bayan Katanga

Bagudo, ranar Talata.

Zuwa ga ɗiyata Munira,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Shamsu da yara, da mutanen Malanbil baki ɗaya. Mu nan sai godiyar Allah.

Na tare a gidajen da wata ƙungiyar agaji ta gina wa waɗanda ruwa ya ci gidajensu a Illo, da tsofaffin da ba su da mai kula da su. Ki kwantar da hankalinki. Ɗaki ne da ɗan tsakar gida, ga famfo a bakin layi, hayar kuma ƙuli-ƙulin da nake soyawa ya ishe ta. A bangon banɗaki sun kafa wani ƙarfe, na daɗe ina rataya zane a kai, ashe don tsoho ya dafa ya miƙe ne. Duk Laraba wata malamar asibiti, Rukayya, tana zagayawa tana auna mana jini.

Abin da ya ɗaure mini kai maƙwabciyata ce, Mariama, mutuniyar Dendi daga bakin kogi, tsarata. Katangarmu gajera ce, kin kuwa san ni da leƙe. Ta ɗaura igiya daga ƙofar ɗakinta har banɗaki, amma ban taɓa ganin shanya a kai ba. In ta yi shara sai ta bar rabin dattin a tsakar gida. In na ɗaga mata hannu ba ta amsawa, in na yi tari kuwa sai ta gaishe ni da sunana. Ranar Laraba kulle ƙofa take, wai tana hutawa. Girman kai ne ko wani abu, sai na gano.

Ki gaishe mini da kowa.

Innarki, Sailuba.

Bagudo, ranar Lahadi.

Ɗiyata Munira,

Gaisuwa da fatan alheri. Saƙon shinkafa ya iso ta hannun masu jirgin kasuwar Lolo, Allah ya yi miki albarka.

Na gano, kuma na ji kunyar zaton da na yi. Fura na dama na kai wa Mariama, na miƙa mata ƙwarya, sai hannunta ya wuce ta gefe ya kamo iska. Na matsa na dubi idanunta, ga su fari fat kamar nono. Igiyar nan ita take bi ta kai banɗaki. Ta damƙe hannuna tana roƙona, rabi da Dendi rabi da Hausa, kada in gaya wa kowa. Ta ji ana cewa gidajen na masu iya yi wa kansu hidima ne, ita kuwa in an fitar da ita ba ta da inda za ta.

Na yi shiru da bakina, ina zuba mata tuwo ta katanga. Amma ranar Litinin da ta wuce ta hura wuta, bakin zanenta ya kama, ƙauri ne ya sa na ruga na watsa mata ruwa. 

Da Rukayya ta zo, sai na tambaye ta a kaikaice, na ce akwai wata tsohuwa can Matsinkai da ido ya mutu mata, in a gidajen nan take, korarta za a yi? Ta dube ni, ta dubi katanga. Ta ce ba a korar kowa don ciwo, don irinsu ma aka yi gidajen, kuma in yanar ido ce ana cirewa. Ta ce in gaishe da tsohuwar Matsinkai, in ce mata ita Rukayya za ta ƙwanƙwasa ƙofarta.

Mariama ta yi fushi ƙwarai, ta ce na tona mata asiri. Tuwona ma ta daina karɓa. Ki sa mu a addu'a, don ban sani ba ko daidai na yi.

Innarki, Sailuba.

Bagudo, ranar Jumma'a.

Munira ɗiyata,

Ina gaishe ku duka, ina fatan kun wuni lafiya.

Rukayya ta yi ta zarya har Mariama ta yarda, amma ta ce ba ta shiga mota sai da ni, tunda ni na jawo. Motar ƙungiya ta kai mu Birnin Kebbi, duk hanya tana riƙe da gefen mayafina. An yi mata aiki a ido ɗaya, ɗayan sai bayan girbi.

Da aka cire mata bandeji ina tsaye a gabanta. Ta ƙifta, ta dubi taga, ta dubi tafin hannunta ta daɗe, sannan ta leƙa ta bisa kaina tana tambayar ina Sailuba. Na ce ga ni. Ta sauko da ido a hankali har ta same ni. Ta ce, “Ke ce? Duk muryar nan daga ɗan jikin nan take fita? Ni na zaci mace ce mai cika ƙofa!” Muka yi ta dariya har likita ya tsawata mana, don kada hawaye ya ɓata masa aiki.

Ki gaishe da Shamsu da yara. Mariama tana gaishe ki, ta ce ki zo ta gan ki.

Taki har kullum,
Innarki, Sailuba.